Tarihin Duwatsun Murjani na Discovery Bay

Discovery Bay wani lungun teku ne a gaɓar arewacin Jamaika, kuma duwatsun murjaninsa na cikin waɗanda aka fi daɗewa ana nazari a duniya. Murjani dai ƙananan halittu ne masu rai da ke gina wa kansu gidan dutse, suna kuma dogaro da hasken rana, shi ya sa zurfin ruwa ke raba su unguwa-unguwa.

A 1959 Thomas Goreau ya bayyana wannan tsari a Jamaika. Inda igiyar ruwa ke dukan dutse, murjani mai kaurin rassa, Acropora palmata, shi ne sarki. Ƙasa da shi akwai kurmin Acropora cervicornis mai siraran rassa kamar ƙahon barewa. Can ƙasa kuwa, wajen mita 30 zuwa abin da ya fi, inda haske ya dusashe, sai nau'in Agaricia da ke shimfiɗuwa kamar faifai don ya tari ɗan hasken da ya rage.

A watan Agusta na 1980 mahaukaciyar guguwar Allen ta ragargaza masu rassan nan na sama, amma ba ta yi wa na zurfi wata ɓarnar a zo a gani ba. Da guguwa ce kaɗai, da sun farfaɗo, domin sun sha irinta a baya. Sai dai masunta sun riga sun kwashe kifayen da ke kiwon ciyawar teku da tarkunan waya, aikin share dutse ya koma wuyan halitta guda: bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema antillarum. A 1983 annoba ta kashe kusan dukkanta a Jamaika. Ciyawa ta samu sake, ta lulluɓe dutse, ta hana jariran murjani wurin zama. A nan ne abin ya kai ga na zurfi. Waɗanda suka tsira daga guguwa, ciyawa ta shaƙe su a hankali.

Terry Hughes ya wallafa lissafin a mujallar Science a 1994: murjanin da ya rufe fiye da kashi 50 cikin 100 na dutsen a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5, ciyawa kuwa ta tashi daga kashi 4 zuwa 92. Asara ce mai ban takaici, cikin shekarun da ba su kai 20 ba.

Wajen shekarar 2000 bushiyar ta soma dawowa a ruwa mara zurfi, aka ga dutse ya washe, ƙananan murjani suna tsirowa a inda take kiwo. Ƙasa da nan ciyawa ba ta gusa ba. A 2022 wata annobar ta sake afka wa bushiyar a tekun Karibiyan, har da Jamaika.