Sunan Gari a Bayan Sunan Kaka

Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi ko Sabon Zangon Ankara ya taɓa jin an ce kakansa Bakano ne ko Bakatsine. Ba mu cika bin diddigin maganar ba sai a 1969, da gwamnatin Busia ta umarci baƙi marasa takarda su bar Ghana. Ranar ce iyalai da yawa suka shiga neman garin da za su kira nasu.

Ƙidayar Turawa, tun daga ta 1891, ba ta share mana hawaye ba. Adadi aka buga, babu sunaye, kuma sau da yawa Musulmin da ya fito daga Arewa Bahaushe ake kiransa. Laƙabi ya fi ƙidaya faɗin gaskiya, amma shi ma sai da hattara: "Musa Kano" na iya nufin inda ayarin fatake ya taso kurum.

Mu dubi Alhaji Umaru na Kete Karachi. Asalin gidansu Kabi, a Kano aka haife shi, ya zauna Salaga, ya rasu a 1934. Ana jingina sunansa ga garuruwan nan uku, alhali a ɗaya kaɗai aka binne cibiyarsa.