Hukuncin Shafa Fenti Mai Gubar Dalma a Gidan da Yara Za Su Zauna

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina da gidan haya a Makera, nan Kaduna, zan yi masa fenti kafin masu haya su tare da iyalinsu. An ce mini wani fentin mai yana da gubar dalma, kuma hukuma ta hana shi, sai dai ya fi mini sauƙin kuɗi. Shin ina da laifi idan na shafa shi?

Amsa: Ɗan'uwa, matuƙar ka san fentin yana da wannan guba, bai halatta ka shafa shi inda yara za su zauna ba, saboda dalilai uku.

Na farko, cutarwa ce tabbatacciya, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce ana gusar da cuta. Idan fentin ya tsufa yakan ɓare ya zama ƙura, yaro mai rarrafe ya taɓa ya kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimta, har ɗan da ke ciki ba ta bari, kuma lahanin ba ya gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum. Can daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Na biyu, hanin hukuma a nan an gina shi kan maslahar kare rai da hankali, don haka bin sa wajibi ne, kamar yadda aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da biyayya ga majiɓinta lamari. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978. A Najeriya ma'aunin hukumar SON shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan.

Na uku, ɓoye aibi ha'inci ne. Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai sayar da abinci inkari saboda ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasan busasshe. Mai gida da mai shago da mai fenti duk suna ƙarƙashin wannan hukunci.

Sai ka nemi wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa ba shi da dalma, musamman fentin mai rawaya da ja na ƙofofi da tagogi. Idan akwai tsohon fenti, kada a kankare shi a bushe. A jiƙa shi, a fitar da yara da masu juna biyu, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda ya shafa a baya cikin rashin sani babu zunubi a kansa, amma ya sanar da mazauna gidan, ya kuma gyara.

Allah ne mafi sani.