Kome Ba Takarda: Auren Urfi da Riƙon Yara a Masar

A Ainu Shams, unguwa mai cunkoso a arewa maso gabashin birnin Alƙahira, kamar sauran unguwannin Masar, ba bakon abu ba ne miji da mata su rabu a gaban hukuma, daga bisani su shirya a asirce. Sai a kira shaidu, a rubuta 'yar takarda a gida, ba tare da an je wurin ma'azun, wato jami'in rajistar aure ba. Wannan shi ne auren urfi. Wani lokaci dalilin shi ne fansho, domin bazawara tana iya karɓar fanshon mahaifinta marigayi, amma da zarar an yi rajistar sabon aure sai a yanke.

Tushen matsalar yana cikin tarihi. A shekarar 1929 doka ta mai da saki uku a lafazi guda ya zama saki ɗaya, ƙofar kome ta ƙara faɗi. A 1931 kuwa, Doka ta 78 ta hana kotuna sauraren ƙarar aure muddin ɗaya ya musanta, sai da takardar hukuma. Ta haka auren da ya cika sharuɗɗan shari'a ya rasa mazauni a gaban alƙali.

Batun riƙon yara shi ma ya yi ta sauyawa. Dokar 1929 ta bar ɗa a hannun uwa zuwa shekara 7, 'ya zuwa 9, alƙali yana iya ƙara biyu. A 1985 aka kai su 10 da 12, a 2005 kuma 15 ga kowa. Uwar da ta auri bare tana iya rasa riƙo, amma komawa ga uban yaran ba ta jawo haka.

Haɗarin yana tasowa ne ran da suka sake ɓatawa. A takarda ita sakakkiya ce, saboda haka in ya musanta auren, ba ta da ciyarwar matar aure, ba ta da gado, kuma jaririn da aka haifa bayan komen sai an yi shari'ar tabbatar da ubansa.

Doka ta 1 ta shekarar 2000 ta kawo sassauci. Ta ba matar urfi damar neman saki da kowace irin shaidar rubutu. Ta kuma ce in mace ta musanta kome, ba a karɓar maganar miji sai ya sanar da ita a hukumance cikin kwana 60, ko 90 ga mai idda da watanni. Iyaye kan shirya cikin dare guda, amma haƙƙin yaro sai da takarda yake tabbata.