Furannin da suka yi shekara biyu kafin su zama waƙa

Ranar 15 ga Afrilun 1802, William Wordsworth da ƙanwarsa Dorothy suna tafe a ƙasa a bakin tabkin Ullswater, can arewa maso yammacin Ingila. Iska na kaɗawa da ƙarfi. Sai suka ci karo da furanni masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda ake kira daffodil, sun yi dogon jeri a gaɓar ruwa. Dorothy ta rubuta abin da suka gani a littafinta na yau da kullum. Yayan nata kuwa bai rubuta komi ba sai wajen 1804, aka buga waƙar a 1807.

Wannan jinkiri shi ne abin lura. Mawaƙan wancan zamani, da ake kira na Romantik, sun taso lokacin da masaƙu da hayaƙi ke cika garuruwa irin su Manchester, mutane na barin karkara. A ganin Wordsworth, daɗin kyan halitta ba ya ƙarewa a wurin kallo. Ajiya ce da zuciya ke ɗebowa ranar kaɗaici. Shi ya sa waƙar ta ƙare a ɗaki, yana kishingiɗe, furannin suka dawo masa a rai.

Masu sharhi sun yi wa littafin na 1807 dariya: ina ruwan babban mawaƙi da furen daji? Ba su lura ba, ko ba su damu ba, cewa tsakanin rubutawa da bugawa ƙanensa John ya nutse a teku, a 1805, amma bai janye waƙar farin cikin ba.

Abu ɗaya dai bai yi mini daɗi ba. A waƙar ya nuna shi kaɗai yake yawo, alhali Dorothy na gefensa, ita ma ta fara rubutawa. Baituka biyun da ya fi yabo kuma matarsa Mary ce ta ba shi.

Mu da muka yi lakwal, Lamartine aka ba mu hadda, shi da tabkinsa, muna rerawa ba mu san abin da ake kuka a kai ba. Bara, kafin in karanta wa ɗalibaina labarin Ullswater, na fitar da su bayan gari farkon damina, wurin da gero ya fara tsiro. Na hana su rubutu sai bayan sati biyu. Wata yarinya ba ta ambaci geron ba sam, ƙanshin ƙasa kawai ta tuna.