Roscoff: makarantar da ake karatun halittun teku a cikin laka

Roscoff ƙaramin gari ne na bakin teku a yankin Bretagne, arewa maso yammacin Faransa, yana kallon tsibirin Batz. A nan ne masanin dabbobi Henri de Lacaze-Duthiers ya kafa tashar binciken halittun teku a shekarar 1872. Yanzu tana ƙarƙashin jami'ar Sorbonne da hukumar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, kuma ɗaliban jami'a na zuwa su kwana a can don kwas na gani da ido.

Wata ne ke tsara jadawalin wannan karatu. Teku na cikowa ta janye sau biyu a kowace rana, amma janyewar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. A irin waɗannan ranaku, bambancin tsayin ruwa a Roscoff kan kai kusan mita 9, kuma ruwan na kaiwa ƙarshen janyewarsa wajen tsakar rana. Sai fili mai faɗi na duwatsu da rairayi ya bayyana, ɗalibai su sa dogayen takalman roba su bi bayan ruwa da bokiti.

Babban darasin shi ne yadda halittu suka jeru hawa-hawa. Can sama, inda ruwa bai cika zuwa ba, ciyawar teku Pelvetia ce ke zaune, domin tana jure bushewa. Ƙasa da ita nau'o'in Fucus ne, sannan Laminaria mai dogon ganye, wadda ba a ganinta sai teku ta janye sosai. Ɗalibai kan ja igiyar awo daga sama zuwa bakin ruwa, su ajiye firam mai kusurwa huɗu, su ƙirga duk abin da ke ciki. Aiki ne mai gajiyarwa, amma irin wannan ƙirgar, idan aka maimaita ta shekara da shekaru, ita ke nuna ko ɗumamar ruwa na korar wasu halittu zuwa arewa.

Akwai wata ƴar koriyar tsutsa da ta samo sunanta daga garin, Symsagittifera roscoffensis. Idan ta girma ba ta cin abinci: ƙwayoyin tsiro da ke zaune a jikinta ne ke haɗa mata shi da hasken rana.

Ƙa'idoji biyu ne malamai ba sa wasa da su. Wanda ya juya dutse sai ya maida shi yadda ya same shi, don abin da ke manne a ƙasansa mutuwa yake yi a rana. Sannan kowa ya duba agogo, saboda ruwa na dawowa ta kwararo tsakanin duwatsu, yana iya tare hanyar komawa tun mutum bai ankara ba. Abin da aka ɗebo a bokiti kuma, sai an koma ɗakin gwaji ake duba shi da madubin ƙara girma a tantance sunansa.