Canjin inji a tsofaffin motocin Birtaniya

Canjin inji a tsofaffin motocin Birtaniya shi ne sauke injin asali na tsohuwar mota ƙirar Ingila, kamar Land Rover ko Bedford, a ɗora mata wani inji na zamani, galibi na wani kamfani dabam. A Turai da Amurka masu sha'awar tsofaffin motoci ne suka fi yin sa, domin ƙarin gudu ko sauƙin tuƙi. A arewacin Najeriya kuwa, a yankunan noma irin su Bakori, Funtua da Malumfashi a kudancin jihar Katsina, dalilinsa neman abinci ne: mai mota na son ta ci gaba da aiki bayan kayan gyaran injinta na asali sun yi wuya ko sun yi tsada.

Zuwan motocin yankin

Yankin Funtua, Bakori da Malumfashi ya shahara da noman auduga tun zamanin mulkin mallaka, daga baya kuma masara, dawa da waken suya. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa Funtua, kuma an kafa masana'antun gurzar auduga a Funtua da Malumfashi. Kai amfanin gona daga ƙauyuka zuwa waɗannan wurare ya buƙaci motoci masu jure hanyar da ba kwalta.

Kamfanin Rover ya fito da Land Rover a shekarar 1948. Samfurin Series II ya biyo baya a 1958, sai Series III daga 1971 zuwa 1985. A arewa, jami'an mulki, hukumomin En'e, 'yan sanda, malaman gona da malaman dabbobi sun yi amfani da ita wajen rangadi, har Hausawa suka riƙa kiran ta Landiroba. Manyan motocin ɗaukar kaya na Bedford, musamman samfurin TJ na 1958, an riƙa haɗa su a Apapa ta Legas, yayin da kamfanin Leyland ya haɗa Land Rover a Ibadan daga ƙarshen shekarun 1970. A tsakiyar shekarun 1970 ne kuma aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, wanda ya buɗe hanyoyin karkara ya kuma ƙara jigilar taki da hatsi.

Dalilan canjin

Jikin tsohuwar Land Rover na alminiyam ne, ba ya tsatsa kamar ƙarfe, kuma yana zaune a kan shasi mai kauri da mai walda zai iya gyarawa. Saboda haka jiki da shasi kan fi inji tsawon rai. Injin da aka fi sani a cikinta shi ne mai lita 2.25 da silinda huɗu. Na fetur yana ba da ƙarfin doki 70 da 'yan kai, na dizal kuwa kimanin 62. Inji ne mai juriya, amma yana shan mai, kuma ba shi da gudu.

Bayan karyewar darajar naira daga 1986, sayen sabuwar mota ko sabbin kayan gyara daga Ingila ya gagari yawancin masu sufuri. A daidai wannan lokaci kamfanin Bedford ya daina ƙera manyan motoci. Kasuwa ta koma hannun motocin Japan da Peugeot, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Injinan da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko tokumbo, suka cika kasuwanni irin su Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas. Injin Toyota, Nissan ko Isuzu ya zama abin da kowane bakanike ya sani, kuma ana samun kayansa a kusa. Ga mai motar da ke jigilar hatsi a lokacin kaka, kwana goma na jiran kayan gyara asara ce da ba ta dawowa sai baɗi.

Yadda ake aikin

Aikin yakan haɗa bakanike, mai walda, mai sassaƙa ƙarfe da mai wayarin. Ana fara da awon wurin inji, domin a tabbatar sabon zai shiga ba tare da ya taɓa sitiyari ko aksul na gaba ba. Wannan na da muhimmanci a Najeriya, domin motocin da suka shigo kafin ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972 sitiyarinsu na dama ne, na baya kuma na hagu.

Daga nan sai a yanke tsohon mazaunin inji a walda sabo. Mataki mafi wuya shi ne haɗa inji da giya. Hanya ta farko ita ce a sassaƙa farantin ƙarfe da zai haɗa sabon inji da tsohuwar giya, a kuma daidaita kuloci. Idan farantin ya karkace ko da kaɗan, giya za ta riƙa lalacewa. Hanya ta biyu ita ce a ɗora inji da giyarsa tare, amma sau da yawa motar kan rasa jan ƙafa huɗu, wanda shi ne babban amfaninta a cikin taɓo da damina.

Sauran aikin ya haɗa da lagireto mai isar da sanyi, salansa, bututun mai da wayarin. Land Rover da aka ƙera kafin 1967 an haɗa batirinta da jikin mota ta ƙafar da ke da alamar tarawa, saɓanin motocin zamani, don haka dole a juya wayarin. Kusoshin tsofaffin motocin Ingila kuma a awon inci aka yi su, na Japan kuwa a milimita. Injinan da ke aiki da kwamfuta sun fi wahalar dasawa, shi ya sa aka fi son masu kafireto ko famfon dizal na gargajiya.

Matsaloli da haɗari

Inji mai ƙarfi yana ɗora wa sauran sassan mota nauyin da ba a ƙera su dominsa ba. Sandunan da ke juya ƙafafun baya na tsohuwar Land Rover sun yi suna wajen karyewa, kuma giyarta ba ta jure ƙarfi mai yawa. An kuma tsara giyar domin ja, ba domin gudu ba, shi ya sa wasu ke sa mata aksul na Range Rover.

Babban haɗarin yana ga birki. Waɗannan motoci birkin ganga gare su, wanda ƙarfinsa ke raguwa idan ya yi zafi. Motar da aka ƙara wa gudu, aka lafta mata buhunan masara, amma aka bar mata tsohon birki, ta fi yadda take a da haɗari. Ƙwararrun makanikai kan ɗauki gyaran birki da sitiyari a matsayin sashe na canjin inji.

Akwai kuma batun doka. Lambar inji na cikin takardun mota, don haka ana buƙatar rasit na sayen injin da sabunta takardu a ofishin lasisi. Rashin yin haka kan jawo matsala da jami'an duba motoci, 'yan sanda ko kamfanin inshora. Farashin mai ma yana sauya lissafi: tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, zaɓi tsakanin injin fetur, dizal ko iskar gas ya zama babbar tambaya ga masu sufuri.

A wasu ƙasashe

Ɗora baƙon inji a motar Ingila tsohuwar al'ada ce. A 1962 Ba'amurke Carroll Shelby ya sa injin Ford mai silinda takwas a cikin motar AC Ace, aka samu AC Cobra. Kamfanin Rover da kansa ya sayi tsarin injin Buick na Amurka a 1965, wanda ya shiga Range Rover a 1970 da MGB GT V8 a 1973. A Ostireliya an yi ta sa injin Holden a Land Rover, kuma sojojin ƙasar sun yi amfani da Land Rover mai injin Isuzu na lita 3.9. A Ingila, masu tsofaffin Land Rover sun fi son injin dizal na 200Tdi da ya fito a 1989, wasu kuma na mayar da su masu aiki da lantarki. A Sudan da Pakistan makanikai sun daɗe suna sake gina Bedford TJ domin ta ɗauki kaya fiye da yadda aka ƙera ta.

Masu tara tsofaffin motoci a Turai sun fi daraja motar da ke da injinta na asali, kuma canjin inji kan rage mata kuɗi a wurinsu. A kasuwannin hatsi na kudancin Katsina kuwa, ana auna darajar mota ne da yawan kayan da take ɗauka da sauƙin samun kayan gyaranta.