Maƙalar Mako: Yadda Jirgin Iska Ya Zo Ya Fi Iskar Gudu

Yau teku za mu leƙa, mu ga yadda masu tseren jiragen da iska ke turawa suka shafe kusan shekara 150 suna kokawa da matsala ɗaya.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka idan iska tana bayanka to ka huta. A tsere ba haka abin yake ba. Jirgin da ya miƙe sak iska na bin bayansa, duk gudun da ya ƙara yana rage ƙarfin iskar da ke dukan ƙyallensa. Idan iska na gudun kilomita 20 a awa, jirgi na yin 12, saura 8 ce kawai ke tura shi. Ta wannan hanya ba zai taɓa kamo iskar ba.

Dabarar farko ita ce a ƙara ƙyalle. A shekarun 1860 masu tsere a kudancin Ingila suka fara ɗaga wani ƙaton ƙyalle mara nauyi a gaban jirgi, wanda ke kumbura kamar babbar riga ta sha iska. Shi ne sifinaka. Ana danganta sunan da wani jirgi mai suna Sphinx da ya yi fice da shi. Ya taimaka, amma sai ruwa ya kawo nasa cikas. Jirgi mai nauyi yana tono igiyar ruwa a gabansa, kuma ya kasa haye ta. Mai tsawon ƙafa 14, misali, da wuya ya wuce kilomita 9 a awa komai girman ƙyallensa.

Wani maƙerin jirage daga garin Cowes, Uffa Fox, shi ya shahara da karya wannan shinge a tseren ƙananan jirage. Ya ƙera Avenger mai ƙafa 14, mara nauyi, ƙasansa ta baya a shimfiɗe. Iska na ƙarfi sai ya ɗago ya riƙa sulɓi a kan ruwa, kamar yadda faffaɗan dutse ke yi idan yaro ya wurga shi a tafki. A 1928 ya shiga tsere 57, ya zo na ɗaya a 52.

Daga nan sai lissafi ya canza. Duk wanda ya hau babur ya san ko ba a iska, da ya ja wuta zai ji ta a fuska. Haka jirgi mai sauri ke ƙirƙirar tasa iskar. Idan ya karkace ya bar iska ta zo masa ta gefe, gudunsa na ƙara ƙarfin iskar da ƙyallen ke samu, ita kuma ta ƙara masa gudu. Shi ya sa matuƙa suka koma tafiyar maciji, dama da hagu. Hanya ta fi tsawo, amma su ke riga isa. 'Yan tseren jirage masu ƙafa 18 a gaɓar Sidni ta Ostareliya suka gyara sifinaka a shekarun 1980, suka yi masa yanka mai gefe ɗaya dogo don ya dace da wannan tafiya. Julian Bethwaite, ɗaya daga cikinsu, shi ya zana jirgin 49er da ya shiga gasar Olamfik a 2000.

Mataki na ƙarshe shi ne rabuwa da ruwan. A 2012 aka ga jirgin ƙungiyar New Zealand, mai gangar jiki biyu da tsawon ƙafa 72, ya tashi sama a kan wasu fukafukai da ke nutse a ruwa. A gasar Kofin Amurka ta 2013 a San Francisco irin waɗannan jirage sun haura kilomita 80 a awa, wato ninki biyu na gudun iskar da ke tura su.

Abin bai zo a banza ba. A ranar 9 ga Mayun 2013 jirgin ƙungiyar Artemis ya kife wajen atisaye, Andrew Simpson, ɗan Birtaniya mai lambar zinare ta Olamfik, ya rasa ransa. Bayan haka aka rage iyakar ƙarfin iskar da za a yarda a yi tsere a cikinta.

Ƙarshen gasar ma akwai abin lura. New Zealand na da 8, Oracle ta Amurka na da 1, saura nasara ɗaya su ɗauki kofi. Amma da jiragen biyu suka kusa daidaita a bin iska, sai hukunci ya koma ɓangaren tunkararta, inda Oracle ta gyara tafiyarta. Ta ci tsere takwas a jere, aka tashi 9 da 8 ranar 25 ga Satumba.

Yanzu tambaya gare ku: gudun da ya kai a rasa rai a kansa, ya cancanci a ci gaba da nemansa, ko akwai inda ya kamata a tsaya? Muna sauraronku. Sai mako mai zuwa.